Na'urar Neman Zinare: A Iska Za A Gwada Ta Ko A Ƙasa?

Tun da zinare ya ɓulla a Jado, can arewa maso gabashin Nijar, a 2014, sannan Cibarakaten ta biyo baya kusa da iyakar Aljeriya, wata na'ura mai doguwar sanda da faifai a ƙarshenta ta zama jarin dubban samari. Kafin Nijar an yi wannan rububin a arewacin Sudan da kuma Tibesti ta ƙasar Cadi, bayanta aka yi a Muritaniya a 2016. A irin waɗannan wurare ba da rijiya ake farawa ba. Mutum yana tafe yana kaɗa faifan dab da ƙasa, kunnensa na kan sauti, in ta yi kuka ya durƙusa ya tona. Wani gona ya sayar, wani shanu, wasu kuwa karo-karo suka yi su biyar ko shida suka sayi guda. To abin da aka zuba wa dukiya haka, ta yaya mai saye zai san yana aiki kafin ya ƙirga kuɗi?

Hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ta cikin shago: a ɗora na'urar a kan teburin katako, ko a ɗaga ta sama nesa da ƙasa, a ɗauki zobe ko tsabar dala ashirin a riƙa giftawa a gaban faifan ana ja da baya sannu a hankali har sautin ya ɗauke, sannan a auna tazarar. Wannan shi ne gwajin iska. Ta biyu kuwa sai an fita waje: a binne abin a zurfin da aka auna, a mayar da ƙasa, a bi ta kansa da na'urar a ji ko za ta yi magana. Wannan shi ne gwajin ƙasa. Masu wannan harka daga Ostireliya har Amurka sun daɗe suna ja-in-ja kan wanne ne gwajin gaskiya. A can galibi abin sha'awa ne na ranar hutu. A wurinmu abinci ne, shi ya sa ya kamata mu fi su kula da amsar.

Babbar hujjar masu gwajin iska ita ce iska ba ta da gari. Muddin an yi nesa da wayoyin lantarki da tarkacen ƙarfe, iskar Agadas da ta Kano da ta Adelaide, inda kamfanin Minelab mai ƙera irin waɗannan na'urori yake, duk ɗaya ce a wurin na'ura. Idan wani ya ce tasa tana jin tsabar kuɗi kaza daga santimita 30, kai ma ka ɗauki irin tsabar, ka saita taka yadda ya saita tasa, to akwai abin da za ku kwatanta. Ƙasa kuwa kowace da halinta, har ma gefen kwari ɗaya yakan bambanta da ɗaya gefen. Suka ce lambar da aka samo daga ƙasa ta wannan ramin ce kawai, ba ta bin mutum zuwa wani.

Suna da hujja ta biyu, wadda a ganina ta fi ta farko amfani ga mai aiki a daji. Na'ura tana lalacewa a ɓoye. Wayar faifai takan tsinke daga ciki, mahaɗinta ya saki, zafin rana ya gajiyar da batir, yashi ya shiga inda bai kamata ba, amma duk da haka ta ci gaba da kunnuwa tana ɗan kukanta kamar lafiya lau. Wanda ya auna ta a iska ranar da ya saye ta, ya rubuta tazarar, ya adana abin da ya yi gwajin da shi, zai iya maimaitawa kowace safiya cikin minti biyu. Ranar da santimita 30 ta koma 22, ya san akwai matsala tun bai ɓata mako guda yana taka zinare yana wucewa ba. A iska kuma sabon shiga yake koyon kunne, ya ji yadda ƙusa take kuka da yadda kwankon harsashi yake yi da yadda ƙwayar zinare take yi. Sannan suna cewa, abin da na'ura ta kasa ji babu komai tsakaninta da shi, ba za ta ji shi ba bayan an lulluɓe shi da taƙi guda na marmara.

Kuma ba su bar gwajin ƙasa ya sha ba. Ramin da aka tona yanzu aka mayar ba daidai yake da ƙasar da ta shekara dubbai a kwance ba. An gauraya ta sama da ta ƙasa, an bar gurabun iska a ciki, kuma a ƙasa mai ma'adinai shi kansa ramin yakan sa na'ura ta yi kuka ko ba a saka komai ba. Tsabar da aka binne a kwance ta fi wadda ta faɗa a tsaye jiyuwa nesa ba kusa ba. Labaran zurfi da ake bayarwa a majalisa su ma sai an tace. Mai tono ya zurfafa har iya gwiwar hannu, ƙwayar da ke maƙale a bangon ramin ta gangaro gindi, ya ɗauko ta daga can, ya rantse da Allah a nan take. Ba ƙarya ya yi niyya ba, amma ramin ya auna, ba zurfin zinaren ba.

Duk wannan gaskiya ne. Sai dai masu gwajin ƙasa suna da tambaya ɗaya mai wuyar kaucewa: wa ya taɓa tsintar zinare a iska?

Sai an duba yadda na'urar take aiki kafin a ga nauyin tambayar. A cikin faifan akwai waya a nannaɗe. Idan lantarki ya bi ta, sai ƙarfin maganaɗisu ya fita ya ratsa abin da ke ƙasa. In ya haɗu da ƙarfe, sai ya tayar da ɗan lantarki a jikin ƙarfen, shi kuma ya mayar da amsa, na'urar ta juya amsar zuwa sauti. Da ƙarfe kaɗai ke amsawa, da magana ta ƙare. To amma ƙasa ma tana amsawa. Jar ƙasa da marmara cike suke da tsatsar tama. Baƙin yashin nan da ke manne wa maganaɗisu a bakin rafi shi ma tama ne. Akwai duwatsun da suka fi na kewaye da su ma'adinai, waɗanda in faifai ya bi ta kansu sai na'ura ta ƙwala kuka kamar an taka dukiya. Ƙasa mai gishiri ko kanwa, irin wadda ba a rasa ba a yankin Kawar wajen Bilma, tana ɗaukar lantarki idan ta sami danshi, ita ma ta yi tata amsar. Kuma abin takaicin, zinare ya fi son zama a irin wannan ƙasa mai ma'adinai. Amsar da ƙasar ke bayarwa takan ninka ta 'yar ƙwayar zinare sau da yawa. Saboda haka babban aikin na'urar neman zinare, wanda injiniyoyi suka ƙare shekaru a kansa kuma saboda shi ake tsawwala kuɗinta, shi ne ta ɗebe hayaniyar ƙasa ta bar ɗan abin da ya rage. Gwajin iska wannan aikin ne daidai yake tsallakewa. Tamkar a tayar da babur a kan jak ne a murɗa totur, a ji ƙara, a ce ai zai hau tudun rairayi da buhu biyu.

Abin bai tsaya ga cewa ƙasa tana rage zurfi ba. Da kowace na'ura kashi ɗaya take rasawa, da gwajin iska ya isa, sai a riƙa cire wannan kason. Ba haka abin yake ba: wata takan rasa kaɗan, wata ta rasa fiye da rabi, har ta kai wadda ta yi nasara a tebur ta zama ta baya a fili. Na'urorin iri biyu ne manya. Akwai masu aika ƙarfinsu babu yankewa, suna kaɗawa da sauri ƙwarai, kamar Gold Bug 2 ta kamfanin Fisher mai kaɗawa sau 71,000 a daƙiƙa, ko Gold Monster 1000 mai sau 45,000. Waɗannan gwanaye ne wajen jin ƙwaya 'yar mitsitsiya kusa da sama, amma wannan kaifin kunnen shi ne yake sa ƙasa mai tama ta dame su. Akwai kuma masu aiki da bugu, irin su GPX 4500 da GPX 5000, waɗanda suka yi suna a dajin Sudan da Sahara. Su sukan aika bugu ɗaya, su yi shiru na ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba, sannan su saurara. Cikin wannan ɗan shirun yawancin hayaniyar ƙasa ta lafa, amsar dunƙule mai kauri kuwa tana nan. Asararsu ita ce amsar ƙwaya ƙarama ƙwarai ita ma da wuri take mutuwa. Ka jera biyun a tebur da ɗan ɓurɓushin zinare, mai arha za ta iya ba mai tsada kunya. Ka kai su jar ƙasa ka binne dunƙule a zurfin kamu ɗaya, sai labari ya sha bamban. Wanda ya yi hukunci da tebur kaɗai zai koma gida yana murna ya yi wayo, alhali kayan wani aikin ya sayo.

Akwai kuma ɗan lissafi da ya kamata kowane mai saye ya riƙe. Idan abin ƙarami ne kuma ya yi nisa da faifan, ninka tazara sau biyu yana rage ƙarfin amsar kusan sau 64, domin ƙarfin yana raguwa a tafiya, ya sake raguwa a dawowa. Idan aka juya lissafin, na'urar da aka ninka kaifin jinta sau biyu abin da za ta ƙara na nisa bai wuce kusan kashi 12 cikin 100 ba, wato santimita 25 ta koma 28. Ma'anar wannan ita ce santimitocin ƙarshe da ake alfahari da su a gwajin iska raɗa ce kawai, kuma raɗa ita ce farkon abin da hayaniyar ƙasa ke haɗiyewa. A tebur mai shago zai iya murɗa ƙarfin ji har ƙarshe, ya kashe maɓallin daidaita na'ura da ƙasa, ya ce, "Alhaji, ka ji da kunnenka, ai gani ya kori ji." Alhaji ya ji kam. Amma in ya sauke faifan a marmara da wannan saitin, na'urar ba za ta daina ihu ba sai ya rage, kuma da ragewar nisan da ya biya kuɗi dominsa ya tafi. Ga kuma abin gwajin: tsabar kuɗi faffaɗa ce, sumul, mai sauƙin ji. Zinaren daji ƙanana ne, masu kaushi, sau da yawa ba su kai giram ɗaya ba, wasu ma a cakuɗe da farin dutse.

Jabu ma a nan yake samun mafaka. Kamfanin Codan, mai Minelab, ya fito fili ya koka cewa kwaikwayon na'urorinsa da ake ƙerawa a Sin ya cika kasuwannin Afirka, kuma ribarsa ta faɗo daga kimanin dalar Ostireliya miliyan 45 a 2013 zuwa kimanin miliyan 9 a 2014. Kwali iri ɗaya, fenti iri ɗaya, suna iri ɗaya. Yin kuka idan an gifta tsaba a iska shi ne mafi sauƙin abin da ake kwaikwaya, ko na'urar binciken jiki ta ƙofar masallaci tana yin wannan. Abin da yake da wuya a kwaikwaya shi ne natsuwa a kan mummunar ƙasa.

Tun farkon tarihin na'urar ma an ga wannan darasin. A Yulin 1881 aka harbi shugaban Amurka James Garfield, harsashi ya maƙale a jikinsa, likitoci suka rasa inda yake. Alexander Graham Bell, mai wayar tarho, ya haɗa wata na'ura da ke jin harsashi a gwaje-gwajensa. Da ya kawo ta kan shugaban, sai sautin ya rikice. Gadon da aka kwantar da shi yana da wayoyin ƙarfe a ƙarƙashin katifa, kuma babban likitan ya taƙaita binciken a gefen dama, harsashin kuwa yana hagu. Garfield ya rasu a Satumba. Na'urar ba ta lalace ba, wurin aikin ne ya zo da abin da ɗakin gwaji ba shi da shi.

Duk da haka ba kowace hujjar masu gwajin ƙasa nake karɓa ba. Wasu cikinsu suna cewa abin da ya daɗe a binne yakan fi jiyuwa a ƙasa fiye da a iska, wai don yana sakin wani abu da ke bazuwa kewaye da shi, sai ya yi kamar ya fi girmansa. Ga ƙarfe mai tsatsa akwai ƙamshin gaskiya a ciki, tunda tsatsa tana rina ƙasar da ke kewaye. Zinare dai ba ya tsatsa, shi ya sa ma ake wahala a kansa. Kuma wannan magana ta zama mafakar duk mai na'urar da ta kasa a tebur: sai ya ce ai ita ba ta iska ba ce, a kai ta daji a ga aiki. Mai saye ya yi hattara da wannan. Akwai na'urorin da ba sa nuna fifikonsu a iska, gaskiya ne, amma babu na'urar kirki da za ta kurumce a iska sannan ta zama gwana a ƙasa.

Mutanen da suka fi kowa buƙatar amsar wannan muhawara ba masu neman zinare ba ne, masu kwance nakiyoyi ne, domin su kuskure ƙafa yake ci ko rai. Ƙa'idar Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce a bisa al'ada kada zurfin da ake tsabtacewa ya gaza santimita 13, ga shi kuma wasu nakiyoyin roba ne, ƙarfen cikinsu ɗan ƙanƙani. A 2003 hukumar tsara ma'aunai ta Turai, CEN, ta fitar da wata yarjejeniya mai lamba CWA 14747 kan yadda za a gwada irin waɗannan na'urori. Ba ta zaɓi ɓangare ɗaya ba. Ta tanadi gwaji a iska don sanin kaifin na'urar ita kaɗai, da gwaji a cikin ƙasa iri-iri, sannan ta ƙara na uku, wanda a ganina shi ne muhawarar kasuwa ta manta da shi: a binne abubuwa ba tare da mai riƙe da na'urar ya san inda suke ba, a ƙirga nawa ya gano, a kuma ƙirga sau nawa ya ce akwai alhali babu.

Wannan na ukun yana da muhimmanci saboda kunnen mutum yana bin zuciyarsa. Wanda ya san inda aka binne zobe zai yi ta goga faifai a wurin, ya rage sauri, ya karkata kai, har ya ji wani ɗan canji ya ce ga shi nan. A daji da ba zai ko tsaya ba. Gwajin ƙasa da mai saye da mai sayarwa duk suka ga inda aka tona bai fi na tebur gaskiya da yawa ba, ya dai fi shi ƙura. Sannan ƙirga kukan banza ba ƙaramin abu ba ne ga mai aiki a Sahara, inda ruwa sai an saya kuma kowane ramin wofi ƙarfi ne ya tafi. Na'urar da ta fi zurfi da santimita biyu amma take sa a tona rami goma na banza a wuni ba ta fi ba.

A irin wannan gwajin ne kuma asirin na'urorin da ake cewa suna nuna zinare daga nisan kilomita, masu eriya tana juyawa a hannu, yake tonuwa. Ba masu haƙa kaɗai ake yi wa irin wannan damfara ba. A 2013 wata kotu a Landan ta ɗaure James McCormick shekara 10 saboda sayar wa gwamnatoci, musamman Iraƙi, na'urar ADE 651 da ya ce tana gano bama-bamai, alhali babu abin da ke aiki a cikinta. A gaban masu saye tana nuni daidai, tunda mai riƙe da ita ya san inda aka ajiye kayan.

Hukuncina shi ne gwajin iska yana da ikon kayar da na'ura, amma ba shi da ikon wanke ta. In ta kasa a tebur, ciniki ya mutu a nan. In ta ci, abin da aka sani kawai shi ne tana da rai, saura a san ko za ta yi aiki a inda za a kai ta. Don haka a fara da shi, amma da ƙwayar zinare irin wadda ake fatan samu, ba da tsaba ba, kuma nesa da janareto da wayoyin kasuwa, a rubuta tazarar a ajiye don duba lafiyar na'urar nan gaba. Bayan haka a fita bayan gari a nemi ƙasa mafi muni da za a samu. A daidaita na'urar da ƙasar tukuna, a rage ƙarfin ji har ta natsu, da wannan saitin za a yi hukunci. Maimakon a tona daga sama a dagula ƙasa, a sami gefen rami ko gaɓar kwari a cusa ƙwayar ta gefe, ko a kafa bututun roba a karkace a riƙa zura ta ciki, ƙasar da ke samanta ta zauna yadda Allah ya ajiye ta. Ƙasar bayan garin Agadas ba ita ce ta Jado ba, saboda haka wanda zai iya ya roƙi masu dawowa daga daji su riƙo masa rabin buhu na ƙasar wurin da 'yan duwatsun da ke sa na'ura ihu, ya shimfiɗa a kan ƙwayar. Bai kai fili ba, amma ya fi iska. Daga ƙarshe a sa wani na uku ya binne a wurare uku cikin shida, mai gwaji ya juya baya.

Wannan duk bai wuce aikin yini ɗaya ba, kuɗin na'urar kuwa na shekaru ne. Mai shagon da ya yarda da gwajin tebur amma ya ƙi a fita da na'urarsa bayan gari, ko da an bar masa jingina kuma yaronsa ya bi ku, ɗan'uwa kada ka ba shi ko dala.